Masu gyaran gida sun koma taurari: me bidiyo zai sayar wa maginin Tasawa da Mayahi?

Bidiyon ba ya wuce daƙiƙa arba'in. Da farko a nuna tsohon ɗaki, bango ya tsage, rufi ya lotsa, daɓe ya farfashe. Sai a ɗora kiɗa, hoto ya juya, ga ɗakin nan ya koma fari fat, an shimfiɗa tayil, an yi adon POP a sama, fitilu shuɗi da ja suna walƙiya. Daga ƙarshe lambar salula ta bayyana. Duk mai leƙa TikTok, Facebook ko rukunonin WhatsApp a jahar Maraɗi ya san irin wannan hoto. A da magina da masu fenti na Yamai da Kano ne ke yin sa, yanzu kuwa matasan ma'aikata na gundumomin Tasawa da Mayahi ma sun shiga sahu.

Salon na tashoshin talabijin na Amurka da Turai ne, inda ya mayar da wasu masu gyaran gida taurari kuma attajirai. Abin lura shi ne ya iso wayoyin ƙasar Hausa a daidai lokacin da kasuwarsa ke tangal-tangal a inda aka haife shi.

Waɗanda suka fi kowa cin moriyarsa su ne Chip Gaines da matarsa Joanna, mazauna Waco a jahar Texas. A 2003 suka buɗe wani ƙaramin kanti mai suna Magnolia. A 2013 tashar HGTV ta fara gwada shirinsu na Fixer Upper, inda suke ɗaukar tsohon gida su sabunta shi, kuma shirin ya ci gaba har 2018. Kafin ya ƙare, ma'auratan sun riga sun fahimci cewa kuɗin ba a fenti da guduma yake ba. A 2015 suka buɗe babbar kasuwarsu a wasu tsofaffin rumbunan ajiya na Waco, wadda ta zama wurin yawon buɗe ido. A 2016 suka fara buga mujalla, a 2017 suka ƙulla yarjejeniyar sayar da kayan gida da kantunan Target, a watan Janairun 2022 kuma aka sauya wa tashar DIY Network suna ta koma Magnolia Network. A 2023 har da otal suka buɗe. Shirin talabijin ya zame musu tamkar sanƙira mai shela a bakin kasuwa, cinikin kuwa a rumfa ake yi.

Akwai abin da mai kallo bai cika sani ba. A shirin, mai gida ne ke biyan kuɗin gyaran, kuma kujeru da kayan adon da ake nunawa a ranar bayyana gidan na ɗaukar hoto ne, sai wanda ya saya za a bar masa. Wani shirin da ya yi tashe a tashar ABC, Extreme Makeover: Home Edition, shi kyauta yake gina wa marasa ƙarfi manyan gidaje, amma an samu iyalan da haraji da kuɗin wuta suka fi ƙarfinsu daga baya, har gidan ya kuɓuce musu. Ita kanta tashar Magnolia, kwanaki kaɗan da buɗe ta sai da ta dakatar da wani shiri mai suna Home Work na ɗan lokaci, bayan masu gidaje sun fito a intanet suna kukan jinkiri, ƙarin kuɗi da aikin da bai gamsar da su ba.

Masu kallon tashoshin Faransa ta tauraron ɗan Adam sun fi sanin Valérie Damidot ta shirin D&CO da kuma Stéphane Plaza, dukansu a tashar M6. Labarin Plaza ya nuna haɗarin gina kasuwanci a kan fuskar mutum guda. Da sunansa aka kafa jerin ofisoshin dillancin gidaje sama da 600 a Faransa, kowane mai ofis yana biyan kuɗi domin ya rataya sunan a ƙofarsa. A ranar 18 ga Fabrairun 2025 wata kotu a birnin Paris ta yanke masa ɗaurin talala na wata 12 bisa laifin cin zarafin wata tsohuwar abokiyar zamansa. Ya ɗaukaka ƙara, amma M6 ta janye shirye-shiryensa nan take, masu ofisoshi da dama suka nemi sauke allon, har kamfanin ya fito da sabon suna, Sixième Avenue, ga masu son sauyi. Dillalin wani ƙaramin gari da bai taɓa zama da Plaza ba ya wayi gari yana asara saboda abin da ya faru a gidan wani. A Amurka kuma matsalar ta kuɗi ce: jama'a na barin talabijin na waya suna komawa kallo ta intanet, talla na raguwa, kuma a 2025 HGTV ta soke shirye-shirye da dama, yayin da uwar kamfanin, Warner Bros. Discovery, ta sanar da shirin ware tashoshinta na waya daga sauran harkokinta.

Wanda ke biya yana nesa

A Tasawa da Mayahi ba tasha ce ke yi wa magini suna ba, kuma babu kamfanin da ke biyansa don ya fito a hoto. Tsarin da TikTok ke biyan masu bidiyo gwargwadon yawan kallo bai shafi Nijar ba. Mai bidiyo a nan da kuɗinsa yake sayen data daga Airtel, Moov ko Zamani, ya kai wayar caji in babu wuta. Don haka kallo dubu ɗari ba ya zama ko dala sai ya jawo kwangila.

Kwangilar kuwa tana da tushe na musamman a wannan yanki. Kaso mai yawa na sabbin gine-ginen da ake gani a ƙauyukan gundumomin biyu da kuɗin ƴan ci-rani ake yin su, waɗanda ke Libiya, Aljeriya, Najeriya, ko wuraren haƙar zinariya na arewacin jahar Agadas. Mutum na Sabha ko Tamanrasset zai turo kuɗi ta Nita ko Amana, ƙanensa ko mahaifinsa ya karɓa, a nemo magini. Mai kuɗin ba zai taka wurin ba sai bayan shekara ko biyu. Idonsa kaɗai shi ne bidiyon da ake turo masa ta WhatsApp. A nan ne salon “da can” da “yanzu” ya sami kasuwa ta gaske: ma'aikacin da ya iya ɗaukar hoto mai kyau yana da hujjar da zai nuna wa wanda ba ya nan, kuma ɗan ci-ranin da ya sha jin labarin kuɗin gini da suka narke a hannun dangi yana ganin ya sami sheda.

Wannan ci gaba ne, babu musu. Yaron da a da sai ya shekara goma a ƙarƙashin maigidansa kafin wani ya amince ya ba shi ɗaki guda, yau yana iya samun aiki daga garin da bai taɓa zuwa ba. Masu shagunan fenti da tayil na Maraɗi ma suna da dalilin neman irin waɗannan matasa, domin magini ne ke gaya wa mai gida abin da zai saya.

Sai dai kyamara tana da abin da take so. Tana son launi, ƙyalli da fitila. Ba ta ganin zurfin harsashi, ba ta ganin yawan rairayin da aka zuba wa buhun siminti guda don a ja shi ya fitar da bulo mai yawa, ba ta ganin kaurin rodi ko inda indararo ke zubar da ruwa. Kuma gyaran da ya fi saurin ba da hoto mai kyau a wannan yanki, wato yaɓa siminti a kan tsohon bangon laka a shafa fenti, shi ne wanda tsofaffin magina suka fi yi wa kallon tsoro. Laka na shan danshi ta fitar, siminti kuwa ba ya numfashi. Da zarar yaɓen ya tsage, ruwa zai shiga ya rasa mafita, bangon ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje yana sheƙi. Wata rana yaɓen ya ɓalle gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa, ko kuma bangon ya bi shi. Yaɓen laka na gargajiya, da makuba ko ba da ita, yana buƙatar a sabunta shi kafin damina, amma aƙalla yana nuna ciwonsa a fili.

Daminar 2024 ta mayar da wannan magana ta rai da mutuwa. Ambaliya da rushewar gidaje sun hallaka mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, fiye da miliyan guda suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kuma jahar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya faɗi. An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa matsuguni na ciki. A watan Oktoban ne hukumomi suka rage farashin siminti da kusan kashi ɗaya cikin uku don a samu a sake gini. Matakin ya taimaka, musamman da yake ana sarrafa siminti a Malbaza da Badagishiri cikin jahar Tawa, amma ya kuma ƙarfafa tunanin cewa laka ce ta yi laifi, siminti ne magani. Gidaje da yawa da suka faɗi an gina su ne a kwari ko hanyar ruwa, babu harsashin kirki, wasu kuma an bar yaɓensu shekaru ba a taɓa ba. Bulo marar ƙwari a irin wannan wuri shi ma faɗuwa zai yi. Ga kuma zafi: duk wanda ya kwana a ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu ya san abin da ya bari a soron kakansa.

Suna kafin a ƙirƙiro kyamara

Ƙasar Hausa ba baƙuwar shahararrun magina ba ce. Sarautar Sarkin Magina daɗaɗɗiya ce a manyan birane, kuma har yau ana ambaton Babban Gwani Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A Nijar akwai Falke Barmu, wanda ya fara ginin masallacin Yama na jahar Tawa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, masaniyar zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018, kuma da maginan yankin aka yi aikin. Tun 1980 kuma aka fara koyar da gini marar itace a Cikal, kusa da Filinge, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ta tubali ba tare da azara ba. Ga gunduma kamar Mayahi, inda gorubar Gulbin Kaba ke shan matsi kuma azara ke ƙara tsada, wannan fasaha ce da ta cancanci a gan ta a waya fiye da yadda ake ganinta. Matsalar ita ce ƙubbar laka ba ta yi kama da falon da ake gani a finafinan Kano ba, amarya da danginta kuma falon suke tambaya.

Sunan waɗancan magina a hankali ya ginu, damina bayan damina. Na bidiyo cikin mako guda yake tashi, kuma tambayar ita ce abin da mai shi zai kafa a kai. Hanyar iyalan Gaines, wato sayar da kaya da sunan mutum, ƙunci gare ta a nan. Kasuwar gyaran gida a Tasawa da Mayahi tana bin amfanin gona: in gero, wake, riɗi da aya sun yi kyau, ana gini daga kaka zuwa bazara, in damina ta gaza sai aiki ya tsaya cik. Fenti, tayil da fitilu daga waje suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa ko ta doguwar hanyar Lome tun bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023, farashinsu kuma yana rawa da darajar naira da kuɗin mota. Ƙaramin magini ba shi da jarin da zai tara kaya ya jira. Abin da ya fi yiwuwa shi ne manyan ƴan kasuwar Maraɗi su riƙa ba shi ɗan kamasho don ya tallata hajarsu, kuma a nan ne mai gida ya kamata ya buɗe ido, domin wanda ke ba shi shawarar fenti yana da rabo a cikin gwangwanin.

Ɗaya haɗarin kuma tsohon ciwo ne na sana'ar. Wanda sunansa ya fi ƙarfin hannunsa zai karɓi kuɗin gaba daga mutum biyar alhali ma'aikatan da yake da su na gida ɗaya ne. Ya ɗauki kuɗin wannan ya ƙarasa aikin wancan, ya tura yaran da ba su gama koyo ba su yi aiki da sunansa. Yawancin irin wannan ciniki da baki ake ƙulla shi, babu takarda, babu lissafin kaya a rubuce, don haka in rigima ta tashi sai a tafi gaban mai gari ko hakimi da saƙonnin murya a matsayin sheda. Cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙananan hukumomi da asusun FAFPA suna horar da matasa aikin hannu, amma rubuta ƙiyasin kuɗi, raba biya mataki-mataki da ajiye lissafi su ne ilimin da mai tashe ya fi buƙata, kuma su ne ba a cika koya a wurin aiki ba.

Abu ɗaya da magini na nan ya fi tauraron Amurka fuskanta shi ne kusanci. Chip Gaines ba ya haɗuwa da miliyoyin masu kallonsa. Maginin Kornaka, Urafan ko Kanambakashe kuwa zai haɗu da mahaifin mai gida a masallaci da ranar kasuwa, kuma rukunin WhatsApp ɗin da ya yaɗa bidiyonsa shi ne zai yaɗa hoton silin ɗin da ya zubo. Ɗan ci-ranin da ke shirin turo kuɗi bana yana da hanya mai sauƙi ta tantancewa: ya ce a ɗauko masa gidan da maginin ya gyara kafin daminar 2024, a zagaya da wayar ta bayan ɗaki, a nuna masa gindin bango da ƙarƙashin indararo.