Darasin Mutum-Mutumi A Ƙananan Sakandare: Wa Zai Koyar Da Shi?

A shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu ta makarantun firamare da sakandare, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta tsara. Cikin abubuwan da suka ja hankalin iyaye har da darasin fasahar zamani a ƙaramar sakandare, inda ake sa ran ɗalibai su fara koyon rubuta umarnin kwamfuta da tushen ilimin mutum-mutumi.

Da yawa idan aka ambaci mutum-mutumi, abin da ke zuwa musu a zuciya shi ne ƙarfe mai siffar ɗan Adam irin na fina-finai. Abin da ake son ɗan aji ɗaya ya fahimta ya fi haka sauƙi. Kowane mutum-mutumi yana tsaye ne a kan abubuwa uku: na'urar da ke gano abin da ke kewaye da shi, kamar haske ko zafi ko nisa, ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke yanke hukunci bisa umarnin da aka rubuta mata, sai injin da ke aiwatar da hukuncin, ya juya taya ko ya ɗaga hannu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga yaran Kano ko Gusau. Fitilar titi mai aiki da hasken rana tana gane faɗuwar rana ta kunna kanta, gari na wayewa ta mutu. Haka nan famfon da ke tsayawa da kansa idan tanki ya cika. Yaron da ya iya bayyana ƙa'idar "idan duhu ya yi, kunna, idan haske ya fito, kashe" ya riga ya kama bakin zaren darasin.

Kayan aikin ma sun yi araha idan aka kwatanta da shekarun baya. Allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a Italiya a 2005, bai kai tafin hannu girma ba, kuma ƙaramin batir ya ishe shi. Manhajar Scratch ta Jami'ar MIT da ke Amurka kyauta ce, ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. A Birtaniya, a 2016, BBC ta raba ƙaramar na'urar micro:bit kusan miliyan ɗaya ga ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 12.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A makarantun gwamnati da dama a Arewa, aji ɗaya kan ɗauki ɗalibai fiye da kima, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma an daɗe ana koyar da darasin kwamfuta da alli a kan allo. Idan aka bi wannan hanya, mutum-mutumi zai zama ma'anar da za a haddace don jarrabawa, yayin da 'ya'yan masu hali a makarantun kuɗi ke haɗa nasu da hannunsu. Manhajar da aka yi domin rage tazara sai ta ƙara faɗaɗa ta.

Akwai kuma haɗarin da aka saba gani: a ba da kwangilar sayo kaya, a yi bikin rabawa, sannan a kulle su a ofishin shugaban makaranta saboda babu wanda ya san yadda ake amfani da su. Shi ya sa horar da malamai ya kamata ya zo kafin sayayya. Malamin da ya fahimci darasin zai iya fara shi ko da babu na'ura: ɗalibi ɗaya ya zama mutum-mutumi, sauran su rubuta masa umarni taki-taki har ya isa ƙofa, inda ya yi karo da benci su koma su gyara umarnin. Wannan neman kuskure da gyara shi ne zuciyar aikin injiniya.

Nauyin yana kan jihohi, domin su ke tafiyar da mafi yawan ƙananan sakandare na gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa Hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta karɓar tallafin sai ta zuba nata kason, kuma an sha kokawa kan jihohin da ke barin kuɗin a ajiye. Kwalejojin ilimi da cibiyar NCAIR ta Hukumar NITDA da ke Abuja za su iya taimakawa wajen horarwa idan an neme su.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aunin da iyaye za su riƙe a ƙarshen zango mai sauƙi ne: su tambayi yaro abin da ya haɗa da hannunsa, kuma su nemi ya nuna musu yadda yake aiki.