Kafin Ka Rabu da Tsohon Kaset

 Sharhinmu na yau a kan tsofaffin kaset-kaset ne da fayafayan garmaho, kayan da ake saurin fitarwa kasuwa idan gida ya shiga matsi.

Bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, musamman bayan an ƙwace Wad Madani a Disambar shekarar, garin Managil ya cika da waɗanda suka baro gidajensu. Wanda ya sayar da gado da fanka don yara su ci abinci, ba kwalin kaset ne zai gagare shi ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Sai dai hannu kan yi nauyi wajen miƙa wannan kwali, domin kuruciyar mutum ce a ciki. Ga Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, waɗanda matafiya suka riƙa kawo mana daga Kano. Ga Muhammad Wardi. Ga Sharhabil Ahmad, wanda ya ɗauki jitar lantarki ya gauraya kiɗan rok da jaz da na Sudan, har aka yi masa laƙabi da sarkin jaz. Samarin da suka biyo baya ma suna da nasu, kaset ɗin Tupac da na Mahmud Abdul'aziz, wanda ya rasu a 2013.

Abin da muke so a lura da shi, kayan cikin kwalin nan kashi biyu ne.

Kashi na farko shi ne na mawaƙan da suka yi suna. Yawancin waƙoƙinsu suna intanet, ko ka sayar ba su ɓace ba. Amma kada ka bayar a farashin 'yan gwangwan. A 2018 kamfanin Ostinato na Amurka ya fitar da tarin tsofaffin waƙoƙin Sudan, a 2020 kuma Habibi Funk na Jamus ya sake buga na Sharhabil. Wato akwai masu neman faifan asali a duniya. Ka tambayi wanda ya san kan abin kafin ka sallama.

Kashi na biyu shi ne wanda dillali ba zai taya ba: kaset mara hoto, wanda aka rubuta suna a jikinsa da biro. Kiɗan kalangu na bikin iyayenka, wa'azin malamin ƙauyenku, saƙon baki da kawu ya aiko daga Makka yana gaida kowa da sunansa, kakarka tana ba da labarin yadda iyayenta suka taso daga yamma a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a gonakin auduga na Jazira. Wannan idan ya tafi, ya tafi ke nan.

Kada mu ce ai gwamnati tana da ma'ajiya. Gidan rediyon Omdurman, inda Aisha Fallatiya, 'yar Hausawa, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Sudan, ya shafe kusan shekara guda a tsakiyar fagen daga, sai a Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi. Idan taskar ƙasa ta ga irin wannan, me za a ce da tarihin Hausawan Jazira, wanda dama ba a rubuta mafi yawansa ba?

Don haka ga shawara. Kafin kwali ya bar gida, a nemi rakoda mai aiki, a kunna kowane kaset, a ɗauki sautin da waya. A zaunar da dattijo ya faɗi muryar wa ake ji, a wane gari, a wace shekara. A tura wa 'yan'uwa na Gadarif, Kano da Jidda, yadda ko waya ɗaya ta salwanta akwai wata. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset, dattawan da za su gane muryoyin kuma kullum raguwa suke yi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan.