Bayan Likita Ya Ɗinke, Saura Aikin Mai Jinya

A ɗauka cewa wani yaro ne ɗan shekara goma a wani ƙauye na Yankwashi, zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har mako uku, daga bisani cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Aka garzaya da shi asibitin Kazaure, daga can aka tura shi Kano. Likitoci suka buɗe cikin, suka tarar ƙwayar cutar ta huda ƙaramin hanjinsa. Idan ɓarnar ta yi yawa, ba kullum ake iya ɗinke hanjin a mayar ba. Wani lokaci sai a jawo bakinsa a fito da shi ta fatar ciki, domin bayan-gida ya riƙa fita ta nan har cikin ya warke. Wannan ƙofa ita ce sitoma, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, ma'anarta kuwa "baki".

Ran yaro ya tsira. To, amma ranar da aka sallame shi ne wahalar iyayensa take somawa. Sitoma ba ta da tsokar da ke riƙe bayan-gida, don haka mai ita ba shi da iko a kan lokacin fitarsa. Idan daga ƙaramin hanji aka fito da ita, abin da ke fita ruwa-ruwa ne, cike da sinadaran narkar da abinci, waɗanda kan cinye fatar da suka taɓa. Ga shi kuma jiki yana asarar ruwa da gishiri da yawa. Waɗannan matsaloli na mai jinya ne, kuma ba a warware su sai da bincike.

Tarihi ya tabbatar da haka. A shekarar 1954 wata ma'aikaciyar jinya a ƙasar Danmark, Elise Sørensen, ta ga 'yar'uwarta ta daina fita cikin mutane bayan an yi mata irin wannan aiki, saboda tsoron yoyo da wari. Sai ta ƙirƙiro jaka mai manne wa fata, wadda ake yarwa bayan amfani. Daga wannan dabara aka kafa kamfanin Coloplast a 1957. A Amurka kuwa, Norma Gill, wadda ita kanta mai sitoma ce, ta fara aiki da Likita Rupert Turnbull a asibitin Cleveland a 1958, tana koya wa majinyata yadda za su kula da kansu. A 1961 suka buɗe makarantar farko ta wannan fanni. Duk waɗannan mata biyu sun faro ne daga lura da damuwar mutumin da ke gabansu.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba wajen ilmin jinya. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digirin jinya tun 1965, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero duk suna da irin wannan sashe. Likitocin fiɗar yara da suka yi aiki a Zariya, irin su Farfesa Emmanuel Ameh, sun yi rubuce-rubuce a kan jariran da ake yi wa sitoma saboda an haife su babu dubura, ko kuma babban hanjinsu ba ya tura bayan-gida. Sai dai akwai abin dubawa. A jami'a akan auna malami da yawan maƙalolin da ya buga, da su ake yi masa ƙarin girma. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma bai wadatar ba. Maƙalar da ta tsaya a mujallar Turanci ba ta taɓa rayuwar uwar da ke wanke tsumma a Roni ko Gwiwa ba.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jakar da aka tsara a ƙasar sanyi, yaya take yi a watan Afrilu a Babura, lokacin da zafi kan kai digiri 40, gumi yana saɓule mannin? Iyalan da ba su da halin sayen jaka, waɗanda kan koma ga tsumma da leda, wace hanya ce mafi sauƙin illa a gare su? Tuwo da fura da ɗanwake, wanne ne ke daskarar da abin da ke fita, wanne ne ke tsinka shi? Ga ma wata tambaya mai ban sha'awa. Ƙaron karaya, wanda aka daɗe ana kare fatar gefen sitoma da shi, daga wata bishiya ta Indiya ake samunsa, kuma 'yar'uwarta ita ce kukuki da ke dazuzzukan ƙasar Hausa. Ko ƙaron kukuki zai yi wannan aiki? Gwaji ne kaɗai zai ba da amsa, kuma kada kowa ya shafa shi a kan rauni kafin a yi gwajin.

Akwai kuma raunin da ba ya jini. Yaro kan ƙi komawa makaranta, magidanci kan ƙaurace wa sahun jam'i don yana zaton alwalarsa ba ta tsayawa, alhali malaman fiƙihu sun yi sassauci ga mai lalurar da ba ya iya riƙewa. Mai jinyar da ta san wannan, ta haɗa majinyaci da malami, ta yi magani babba.

Wani zai ce ai ruwan sha mai tsabta ya kamata a sa gaba, tunda taifot ta ƙazantaccen ruwa da abinci yake shiga. Gaskiya ne, rijiya mai murfi da wanke hannu sun fi kowace tiyata arha. Amma ruwa mai tsabta ba zai hana a haifi jariri babu dubura ba, ba zai kuma hana sankarar hanji ba. Masu sitoma za su ci gaba da kasancewa, kuma suna da hakki.

Saboda haka ya kamata jami'o'i su riƙa tambayar mai bincike a fannin jinya abin da aikinsa ya canza a ɗakin majinyata. Ya dace kowane bincike ya fito da taƙaitaccen bayani da Hausa wanda za a ba iyali su tafi da shi gida. Makarantun jinya, irin ta Birnin Kudu, su ba kula da sitoma muhimmanci a darussansu. Malaman sakandare su nuna wa ɗalibai cewa jinya kimiyya ce mai buƙatar lura da ƙirga da rubutawa, kamar yadda Florence Nightingale ta yi amfani da alƙaluma wajen nuna cewa cututtuka sun fi harsashi kashe sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya. Ɗalibar da ke zaune a ajin kimiyya a Yankwashi tana iya zama wadda za ta amsa tambayoyin da aka jero a sama, domin ta san zafin ƙasar, ta san abincinta, ta kuma san harshen da uwar yaron nan take ji.