Dokin Barga Yana Da Wani Aiki Bayan Sallah

Mu 'yan Yakasai mun tashi muna kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, mun san Kano ba ta rasa dawaki ba. To, amma in Sallah ta wuce, yawancinsu a turke suke wuni suna cin harawa. A lungunan nan kuma akwai yaran da shan inna ko sanƙarau ya naƙasa, da waɗanda aka haifa gaɓoɓinsu a sandare, suna zaune a zaure ko ƙuryar ɗaki. Ni a ganina ya kamata a haɗa yaran nan da dawakin nan.

Ga misali daga ƙasar Denmak. Wata mata mai suna Lis Hartel, shan inna ya kama ta a 1944 tana da juna biyu, ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Ɗaga ta ake yi a ɗora kan sirdi, amma a 1952 ta zo ta biyu a gasar sarrafa doki ta Olamfik a Helsinki, ta kuma maimaita a 1956. A Ingila kuwa, tun 1969 aka kafa ƙungiyar hawan doki ta naƙasassu, kuma 'yan sa kai ne ƙashin bayanta.

Amfanin abin shi ne, idan doki yana tafiya a hankali, yana motsa ƙugun mahayi kusan yadda yake motsi in mutum yana tafiya da ƙafarsa. Ɗumin jikin dokin yana sassauta naman da ya ɗaure, yaro kuma yana koyon riƙe bayansa da wuyansa. Ba warkarwa yake yi ba, kada a ruɗe ku. Amma yaron da kullum ake kallonsa daga sama, ran nan shi ne a sama.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida. Ba ingarman sukuwa ake so ba, sai doki mai haƙuri wanda ba ya firgita, kuma ba a sa ƙaimi. Mutum ɗaya ya ja ragama, biyu su bi gefe da gefe, yaro da hular kwano a kansa. Likita da ma'aikatan gashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala, su za su ce wane ya dace, domin mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba, ko mai ciwon ƙashin baya, hawa zai iya cutar da shi.

Wata za ta ce 'ya mace da doki? Ai kakanninmu da yawa a kan doki aka kai su ɗakin miji.

Saboda haka ina kira ga matan aure, wadda maigidanta ko yayanta ke da barga ta yi masa maganar aron doki ko da awa ɗaya ce a mako. Ku kuma 'yammatan makaranta, bin gefen doki a riƙe ƙanwa ba ya bukatar takardar shaida, sai koyo da natsuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.

Daga wata malamar firamare,
Yakasai, Birnin Kano.