Fasinjan da ba ya biyan kuɗin mota

Tun da aka tashe mu 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021 aka mai da mu Adjen Kotoku, sammako ya zame mini dole. Daga Nima zuwa can ba nan kusa ba ne, in ka yi sake rana ta fito, cunkoson hanyar Nsawam sai ya cinye maka rabin ciniki. To a wannan sammakon ne na gane ina da ɗan haya a mota.

Kullum in na fito bayan sallar asuba sai in tarar da yanar gizo-gizo a shimfiɗe tsakanin ƙofa da madubin gefen direba. In sa hannu in share, in kama hanya. Washegari ga ta nan sabuwa fil, a daidai wurin ta jiya. Na fi wata guda ina zargin darbejiyar ƙofar gidanmu, har na sauya wurin ajiye mota. A banza. Sai ran nan autana, wanda ke wanke mini motar duk Lahadi, ya haska fitilar waya ta ɗan tsagin da ke tsakanin gilashin madubi da murfinsa, ya ce, "Baba, zo ka ga mai gidan." Ga shi can ƙuryar ciki ya dunƙule ƙafafu, duk girmansa bai wuce ƙwayar wake ba.

Na ce bari dai mu je Kumasi, iska za ta yi mini maganinsa. Ɗaurin aure ya kai mu, tafiyar kilomita wajen 250, ga gudu, ga ruwan sama da ya tare mu a Nkawkaw. Muka kwana a Zango. Da safe na fito, wallahi ga yana, har da raɓa a jikinta.

Daga nan na daina sharewa da fushi, na fara kallo. Wani dare na ɗauki kujera na zauna kusa da motar, uwargida tana cewa ko ciniki ne ya taɓa mini kai. Sai da duhu ya yi sosai ya leƙo. Abin da ya fara yi shi ne ya tattara ragowar tsohuwar yanar ya cinye. Ba yunwa ba ce kawai: zaren daga jikinsa yake fita, abin da ya haɗiye zai koma ya zama sabon zare, babu asara. Sannan ya saki zare ɗaya iska ta kai shi ya maƙale a jikin ƙofa, ya bi ta kai ya ƙarfafa shi. Ya ja waɗansu daga tsakiya zuwa gefe kamar sifokin keke, waɗannan ba su da danƙo, su ne hanyarsa. Daga ƙarshe ya yi ta zagaye yana ɗora zare mai danƙo, wanda shi ke kama sauro da ƙananan ƙwari. Wajen awa guda ya gama. Irinsu ba su da ƙarfin gani, da motsin zare suke sanin abinci ya faɗa.

Kuma in ka duba, ya iya zaɓen shago. Bayan madubi babu ruwa, babu iska, tsuntsu ba ya shiga, ƙadangare ba ya kaiwa. Ga fitilar waje tana tara masa ƙwari duk dare. A Ingila ma haka masu motoci suke fama. Nasu, wanda masana ke kira Zygiella x-notata, yakan bar yanki guda na yanar babu saƙa, kamar an yanke ɓari a jikin waina, ya ja zare ɗaya tilo ta wurin har cikin maɓoyarsa, ya ɗora ƙafa a kai yana jira.

Autana ne ya jefo mini tambayar da ta hana ni barci. Ya ce, "Baba, shi wannan ina ne garinsa, Akra ko Kumasi?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yaron nan a Nima aka haife shi. Madawa, inda aka binne cibiyata, sau biyu kacal ya taɓa zuwa, can ma 'yan uwansa Bagane suke ce masa, nan kuma a makaranta ɗan Nijar ne. Na ce masa garinsa madubi. Ya yi shiru, sannan ya ce to kada a fesa masa maganin sauro. Ban fesa ba.

Sai dai kada wani ya ce Alhaji ya ce a bar yana a madubi. A'a. Cizon irin waɗannan ƙananan ba shi ne abin tsoro ba, abin tsoro shi ne direba. Yana in ta sha raɓa, ko ƙurar hunturu ta kama ta, fitilar motar bayanka ta doke ta, ba ka ganin komai sai hazo, ga 'yan okada suna kutsowa ta kowane gefe. Ku masu tirela da ke ɗauko mana kaya daga Galmi abin ya fi shafa, don ba ku da idon baya sai waɗannan madubai biyu. Na sha ganin direba yana tafe ya zuro hannu waje yana goge madubi, ko ya ce wa yaron mota ya leƙa ya goge na ɗaya gefen. Buhu nawa ke bayanka, rai nawa ke kan titi? A goge kafin a ta da mota, minti ɗaya ne.

Akwai kuma inda gizo-gizo ke yin ɓarna ta gaske, amma ba a madubi ba. A 2011 kamfanin Mazda ya janye motocinsa ƙirar Mazda6 kusan 65,000 a Amurka da maƙwabtanta, saboda wani ɗan gizo-gizo mai ruwan ɗorawa da ke shiga bututun da tankin mai ke shaƙar iska ta ciki, ya yi saƙa ya toshe shi, har ana fargabar tankin ya tsage. Suka sake janye waɗansu a 2014 kan wannan matsala dai. Toyota ma a 2013 ta janye motoci sama da 800,000, saboda bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota yana toshewa, ciki har da toshewar yanar gizo-gizo, ruwan ya ɗiga a kan na'urar da ke sarrafa jakar iska. Saboda haka duk wanda motarsa ta daɗe a ajiye, ya ce wa makanike ya busa waɗannan ƙananan bututai.

Nawa ɗan hayar ya yi wata biyar da ni. Wata ranar Laraba wani mai babur ya shafi gefen motar ya tafi da madubin gaba ɗaya, ko waiwaye bai yi ba. Na tsinci murfin a bakin kwata, babu kowa ciki. Na je Abossey Okai na sayo wani na hannu, irin waɗanda ake cirowa daga motocin Turai.

Kwana tara da ɗaura shi, sai ga yana.

Auta ya rantse wannan daga Jamus ya zo cikin kwantena. Ni na ce ɗan unguwa ne, don ƙananansu sukan hau wuri mai tudu su saki zare iska ta ɗauke su. Baturen nan Charles Darwin ya ga sun sauka a jirgin ruwansu a 1832, alhali suna kimanin mil 60 daga gaɓar Ajantina. Mun yi musu har uwargida ta raba mu. Yanzu dai aikin auta ne kowace asuba ya goge gilashin da tsumma kafin in fito, kuma na lura yana barin zare ɗaya na sama, wanda bai tare mini gani ba.