Kafin a sa hannu kan takardar sayen tsohon jirgin ruwa

A daren 1 ga Oktoba 2024, jirgin katako maƙare da mahalarta Maulidi ya kife a Gbajibo, Ƙaramar Hukumar Mokwa, aka yi asarar rayuka da dama. Duk lokacin da irin haka ta faru a Jihar Neja, akan yi kira ga hukumomin NIWA da HYPPADEC su samar da jirage masu inganci. Kiran yana kan hanya, amma muna jan hankalin jami'an da ke tsara sayayyar.

Jirgin gwanjo mai injin dizal da ba a saba gani ba yakan zo da farashi mai jan rai. Tsadarsa tana bayyana ne ranar da famfon mai ko nozul ya lalace. Makanikai daga Fadikpe a Minna har zuwa Zumba a bakin tafkin Shiroro sun fi ƙwarewa a injin mota da injin Yamaha na bayan kwale-kwale. Injin da kayan gyaransa sai an yi odarsu daga Turai, watanni zai yi a kwance, jama'a kuma su koma wa ruɓaɓɓun jiragensu.

Saboda haka, kada a biya ko kwabo sai injiniya ya gwada jirgin a ruwa da lodi, an ga tarihin gyaransa, an kuma tabbatar akwai dillalin kayansa a Najeriya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan ruwa kuwa, da rai ake biyan ta.