Nintendo Switch 2: Abin da iyaye za su duba kafin su kawo ta gida

Idan dogon hutun makarantu ya ƙarato, a gidaje da dama yara sukan fara matsa wa iyaye a saya musu na'urar gem. Wadda aka yi yayi a 2025 ita ce Nintendo Switch 2, da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar ranar 5 ga Yunin 2025, aka sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Mu a Keffi, da Abuja take nan kusa, ba a jimawa irin waɗannan kaya suke shigo mana. Na ari guda a hannun wani ƙanena na tsawon mako biyu, na dube ta da idon mai harhaɗa magunguna, ga kuma abin da na gani.

Na'urar tana aiki iri biyu. Idan aka ɗora ta a mazauninta, hoton yakan fito a talabijin, mutum huɗu su iya yin tseren motoci na Mario Kart World a falo ɗaya. Idan aka zare ta sai ta koma ta hannu, mai fuskar inci 7.9, ana ci gaba daga inda aka tsaya. Yayarta, wato Switch ta farko da ta fito a watan Maris na 2017, ita ma haka take, kuma ita ce ta fi yawa a hannun 'yan gwanjo. Duk abin da zan faɗa ya shafe su duka biyun.

Abin da ya fara burge ni shi ne 'yan katin wasan. Ƙanana ne, yaro mai rarrafe zai iya jefa ɗaya a baki. Saboda haka kamfanin yake shafa musu wani sinadari mai suna denatonium benzoate, wanda aka gano a birnin Edinbura a 1958, kuma ba a san abin da ya kai shi ɗaci ba. Shi ne ake sa wa a maganin hana yara cizon farce da wasu ruwan wanke-wanke, don kada a sha. Ɗan abin da ke jikin katin ba guba ba ne. Yaron da ya lasa zai tofar, ya yi kuka, shi ke nan. Duk da haka ɗaci ba ya maye gurbin ido, a ajiye katin inda ake ajiye magani, nesa da hannun ƙanana.

Na kuma ji daɗin yadda take tara iyali idan tana jikin talabijin. Uba da uwa da yara kan zauna wuri ɗaya, ana dariya, ana ganin abin da kowa yake yi. Wannan ya fi a bar yaro ya tafi gidan gem na bakin titi, inda ba a san da wa yake cuɗanya ba.

Damuwata tana ga ɗaya fuskar. Na'urorin da muka saba da su a da, a falo suke zama, kuma da an ɗauke wuta wasa ya ƙare, yaro ya fita tsakar gida ko ya kwanta. Wannan kuwa batirinta na iya kai awa biyu zuwa shida da rabi, gwargwadon wasan. Ko an ɗauke wuta, yaro zai zare ta ya shige ɗaki, ya ja bargo. Iyakar da rashin wuta yake gindayawa a da, yanzu sai iyaye sun gindaya ta da kansu.

Barci ne yake fara taɓuwa. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Hasken fuskar na'ura da zumuɗin wasa suna jinkirta barci, ga sallar asuba, ga Islamiyya da safe. A nan nake roƙon iyaye mata: kada a ba yaro Piriton ko maganin mura don ya yi barci. Wannan magani na ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana sa kasala washegari, a wasu yaran ma sai ya ƙara musu rashin natsuwa. Maganin wannan rashin barci shi ne a karɓe na'urar awa ɗaya kafin kwanciya.

Sai ido. Mai zura wa fuska ido ba ya yawan ƙiftawa, sai idon ya bushe, ya yi ja, yana zafi. Da yawa sukan ruga kemis su sayi maganin ɗigawa, kuma wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin dexamethasone ko betamethasone. Jan yakan tafi da sauri, shi ya sa ake son su, amma yawan amfani da su ba da umarnin likita ba yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Abin yi mai sauƙi ne: duk bayan minti 20, yaro ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Ya kuma samu kamar awa biyu a waje kullum, domin hasken rana yana rage haɗarin kasa hangen nesa. Idan yaro yana matse ido ko yana matsowa jikin talabijin, a kai shi sashen ido, kamar na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a gwada shi.

Iyayen da ɗansu yake da farfaɗiya su tuntuɓi likitansa tukuna. Kamfanin da kansa yana gargaɗin cewa walƙiyar haske na iya tayar da ciwon ga kimanin mutum ɗaya cikin 4,000. A watan Disambar 1997, yara sama da 600 aka kai asibiti a Japan bayan wani shirin zane na Pokémon mai irin wannan walƙiya.

Ga ƙanana kuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce: 'yan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da su gaban fuska, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana. Hukumar ta kuma sanya jarabar gem cikin kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022. Alamominta su ne kasa dainawa, fifita wasa a kan karatu da abinci da mutane, da ci gaba duk da cutarwar da ake gani, yawanci har tsawon shekara. Kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kai wa nan, don haka kada a kira kowane yaro mai son gem mara lafiya.

Akwai taimako a cikin na'urar. Manhajar Nintendo Switch Parental Controls kyauta ce, ana sauke ta a wayar uwa ko uba, a ƙayyade lokacin wasa na kullum, a kuma saita ta ta tsayar da wasan idan lokaci ya cika. Sabuwar tana da makirufo na hira da abokai ta intanet, amma ɗan ƙasa da shekara 16 ba zai yi ba sai da amincewar iyaye. A saita duk wannan kafin a miƙa wa yaro. Kada kuma a yi cajinta a kan katifa ko a bar ta a cikin mota, domin an tsara ta ne don zafin da bai wuce digiri 35 ba, bazararmu kuwa tana haura haka.

Batun kuɗi ma lafiyar gida ne. Farashinta a Amurka lokacin da ta fito a 2025 Dala 449.99 ne, kusan Naira dubu 700 a canjin wancan lokacin, kafin kuɗin shigowa da ribar ɗan kasuwa, wato albashin wata goma na mai karɓar Naira dubu 70. Wasanni kuma kuɗinsu daban. Bai kamata a ci bashi ko a taɓa kuɗin makarantar Satumba saboda ita ba.

Wanda yake da hali, ban ga laifin saye ba, da sharaɗi uku: ta kwana a falo ko a ɗakin iyaye, a riƙa wasa a talabijin fiye da a hannu, sannan a tsayar da lokaci tun ranar farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, dokar da aka kafa ranar da aka buɗe kwali ta fi wadda za a kawo bayan wata uku sauƙin bi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya.